Fim ɗin da ya raba kan mutanen falona

Kun fi sabawa da ganin rubutuna a kan sanarwar taro da tunin kuɗin wata. Yau wani abu ne ya faru a gidana nake son ba ku labarinsa, domin makonni uku ke nan yana yi mini yawo a rai.

Washegarin sunan da aka yi a gidanmu a Agege, baƙi ba su gama watsewa ba sai ruwa ya kece tun bayan la'asar. Duk wanda ya san daminar Legas ya san irin ruwan nan da ba a yi masa gaggawa. Wuta ta ɗauke, muka tada janareto, mutum goma sha ɗaya muka cika falo muna jiran sama ta lafa. Akwai yayana, da gwaggonmu da ta zo suna daga gida, da uwargidana da ƙannenta biyu, da maƙwabcinmu malamin Islamiyya, da wani aminina direban tirela, da telan da ya yi wa yara ɗinkin suna, sai ni da babbar 'yata. Cikon na sha ɗaya shi ne ɗan yayana da ke karatu a jami'a, wanda shi ne ya ja mana duk abin da ya biyo baya.

Yaron nan ya ce, "Baffa, ina da wani fim a kwamfuta, na soyayya ne, bari in haɗa da talabijin." Da jin kalmar soyayya kowa ya gyara zama. Ƙannen uwargida sun ɗauka na Indiya ne mai fassarar Hausa, direba kuma ya ce in dai akwai faɗa a ciki shi ba shi da matsala. Yaron bai ce wa kowa komai ba, murmushi kawai ya yi.

Sunan fim ɗin In the Mood for Love. Wani darakta ɗan Hong Kong mai suna Wong Kar-wai ne ya shirya shi, ya fito a shekarar 2000. Tsawonsa minti 98 ne, wato ko rabin wasu finafinan Indiya da muka taso da su bai wuce ba sosai. Amma a daren nan akwai waɗanda suka rantse sun yi awa huɗu a zaune.

Ga yadda labarin yake a taƙaice. A Hong Kong ne cikin 1962. Wani ɗan jarida mai suna Chow da matarsa sun kama hayar ɗaki a wani gida, a rana ɗaya kuma wata mata mai suna Su, sakatariya a wani kamfanin jiragen ruwa, ita da mijinta suka tare a ɗakin da ke maƙwabtaka da su. Har masu ɗaukar kaya suka riƙa rikita kayan gidan nan da na wancan. Mijin Su kullum yana tafiya Japan kasuwanci, matar Chow kuma kullum tana aikin dare. Sai ya zamana su biyun da aka bari a gida suna yawan gamuwa a kan matakala, kowa ya fita sayen abincin da zai ci shi kaɗai. A hankali suka gane cewa mijin wannan da matar wancan suna cin amanarsu tare. Yadda suka gane ɗin ma ba da hayaniya ba ne. Suna zaune a gidan cin abinci, ya tambaye ta inda ta sayi jakar hannunta, ita kuma ta tambaye shi inda ya samu ƙyallen wuyan da yake ɗaurawa a kan kwat. Matarsa tana da jaka irin wannan sak, mijinta yana da ƙyalle irin wannan sak, kuma duka biyun ba a sayar da su a Hong Kong. Daga nan suka fara zama tare suna neman fahimtar yadda abin ya faro, suka yi wa juna alkawarin su ba za su zama irin waɗancan ba. Sai zuciya ta yi aikinta.

Duk wanda ya karanta wannan zai ce ai labari ne mai zafi. To, a bakina yake da zafi. A talabijin kuwa, abin da ido ke gani shi ne mace tana sauka daga matakala riƙe da kular abinci, tana tafiya a hankali kamar mai tsoron fasa ƙwai, wani kiɗan goge yana tashi. Sai namiji ya hau matakalar, su wuce juna. Sai ruwan sama. Sai agogon bango. Sai hayaƙin taba yana tashi sama, kyamara ta tsaya a kansa. Bayan ɗan lokaci kiɗan nan ya dawo, matar ta sake saukowa da kularta, sai dai rigar jikinta ta canza.

Karo na farko da hoton ya rage gudu, direba ya ce wa yaron, "Kai, kwamfutarka ta maƙale." Yaron ya ce ai haka aka yi shi da gangan. Direba ya riƙe haɓa ya ce, "Da gangan? To Allah ya kyauta." Bayan kamar minti ashirin ya sake juyowa ya tambaya da gaskiyarsa, "Wai yaushe za a fara fim ɗin?" Falo ya fashe da dariya. Yayana bai yi dariyar da mu ba, domin tuni ya jingina da bango yana minshari.

Ƙannen uwargida su ma ba su ji daɗi ba, amma nasu ƙorafin daban ne. Ba su ga rawa ba, ba su ga kyauta ba, ba su ji an ce "ina son ki" yadda suka saba ji ba. Waƙoƙin da ke ciki ma wasunsu na Nat King Cole ne, mawaƙin Amurka, yana yinsu da Sifaniyanci, ba wanda ya san me yake faɗa. Abin da ya fi ƙona musu rai shi ne har fim ya ƙare ba a nuna fuskar mijin Su ko ta matar Chow ba. Sai dai a ji muryarsu, ko a hango ƙeyarsu. Ƙaramar ta ce, "Yaya za a yi a ce mace ta ƙwace miki miji kuma a hana mu ganin fuskarta? Ai ko don mu tsine mata a nuna ta."

Tela ne mutum na farko da fim ɗin ya kama, kuma ba ruwansa da labarin. Tun daga fagen farko ya matso kusa da talabijin yana kallon rigunan da jarumar, Maggie Cheung, take sawa. Riguna ne irin na matan Sin na wancan zamani, masu dogon wuya a tsaye, an yanka su daidai jiki. Ya ce a shekarunsa ashirin da wani abu a kan keke bai taɓa ganin wuyan riga ya tsaya haka ba tare da ya karye ba. Shi ne kuma ya fara lura da wani abu da ya wuce mu duka. Ya ce, "Ku daina jiran a ce muku washegari ko bayan mako ɗaya. Ku kalli rigar. In ta canza, to rana ta canza." Wallahi da muka bi maganarsa sai fim ɗin ya fara zama a kanmu. Wurin ɗaya ne, matakala ɗaya, fitila ɗaya, amma kwanaki ne suke wucewa.

Gwaggo kuwa ta samu tata jarumar, wato mai gidan da Su ke haya, wata dattijuwa da ake kira matar Suen, mai yawan surutu da son tara mutane. Ita da maƙwabta suna da wani wasa da suke kira majon, mutum huɗu ke zama a tebur suna yi da wasu 'yan ƙananan tubala. Akwai daren da suka dawo gida ba zato suka zauna wasan har gari ya waye suka ci gaba, alhali Su tana ɗakin Chow suna aikin rubuta wani labarin jarumta da yake aika wa jarida. Ba abin da suka aikata, amma ba ta da halin fitowa, domin fitowarta a idon mutane daidai take da an kama ta. Daga baya dattijuwar ta kira Su ta yi mata faɗa cikin lalama kan yawan fitar dare alhali mijinta ba ya gari. Gwaggo ta tafa hannu ta ce, "Yauwa! Ga mai hankali ɗaya a cikinsu." Ɗan yayana ya ce ai dattijuwar ita ce matsalar, sa ido ne irin na mutanen gidan haya. Gwaggo ta harare shi ta ce, "Sa idon nan shi ya riƙe auren uwarka da na uwar uwarka." Yaron ya yi shiru.

Malam bai ce uffan ba sai da aka kai inda Chow ya kama ɗaki a otal, mai lamba 2046, don su samu wurin yin rubutunsu nesa da idon maƙwabta. Nan ya gyara murya ya ce shi fa abin da yake gani shi ne an ɗauki keɓewar namiji da matar wani an yi mata ado da kiɗa da fitila. Ya ce tun muna yara aka koya mana haɗarin irin wannan zama, kuma cin amanar da aka yi musu bai halatta musu shi ba. Ya ƙara da cewa fim ɗin da ke nuna ɓarna a fili ya fi sauƙi a wurinsa, domin kowa zai gane ta ya ƙyamace ta, amma wannan yana sa mai kallo ya riƙa yi wa mutum biyu masu aure fatan su haɗu. Ban iya musa masa ba, domin a daidai lokacin ni ma fatan da nake yi ke nan a zuci.

Ƙarshen fim ɗin ne ya tada ƙura. Chow ya ga abin yana neman fin ƙarfinsa, ya nemi aiki a Singafo ya tafi. Bayan shekara guda Su ta je can, ta shiga ɗakinsa ba ya nan, ta buga masa waya a wurin aiki, ya ɗauka, ta kasa cewa komai ta ajiye. Da ya dawo sai guntun taba mai jan baki ya tarar. A 1966 ya koma tsohon gidan hayarsu a Hong Kong gaisuwa, aka ce masa wata mata ce da ɗanta suke zaune a ɗakin maƙwabta yanzu. Ya tsaya a ƙofar, ya wuce, bai san ita ce a ciki ba. Tun a Singafo ya ba wani abokinsa labarin yadda mutanen da suke yi in suna da sirrin da ba za su iya faɗa wa kowa ba: su hau dutse, su sami bishiya su yi mata rami, su raɗa sirrin a ciki su toshe da laka. Fage na ƙarshe a ƙasar Kambodiya ne, a tsohon wurin bautar nan na Angkor Wat. Ya kafa bakinsa a wani rami a jikin bango ya yi ta raɗa, ba mu ji ko kalma ɗaya ba, ya toshe ya tafi. Sai rubutu ya hau.

Direba ya miƙe tsaye ya ce, "Shi ke nan? Wallahi an cuce mu." Ƙannen uwargida suka ce ko dai kwamfutar ta yanke ƙarshen. Hayaniyar ta tashi yayana daga barci, ya tambaya ko an yi auren. Da aka ce masa ba a yi ba, sai ya ce, "To ai ban yi asarar komai ba." Aka kuma shiga gardama kan yaron da aka gani tare da Su, wasu na cewa na mijinta ne, wasu na cewa ruwa ba ya tsami banza. Fim ɗin bai faɗa ba, kowa ya riƙe nasa.

Ɗan yayana ya ga an taso masa, sai ya fara karanto mana tarihi. Ya ce a bikin finafinai na Cannes da ake yi a Faransa, jarumin fim ɗin, Tony Leung, shi ya lashe kyautar gwarzon jarumi a 2000. Ya ce a 2016 BBC ta tambayi masu sharhin fim 177 daga ƙasashe daban-daban, suka sa shi na biyu a finafinan wannan ƙarni. Ya ce a 2022 mujallar Sight and Sound ta Ingila, wadda ke irin wannan ƙuri'a duk bayan shekara goma, ta sa shi na biyar a duk finafinan da aka taɓa yi. Na bincika daga baya, gaskiya ya faɗa. Amma amsar da mahaifinsa ya ba shi ita ce, "Su masanan ba su suka sayi man janareton nan ba." A nan aka tashi, ruwa ya tsagaita, kowa ya kama gabansa.

Ni kaina in na ce fim ɗin ya burge ni tun farko na yi ƙarya. Sau biyu na duba waya. Abin da ya riƙe ni shi ne gidan. Lungu ne matsattse, ƙofa na kallon ƙofa, mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya karkata. Maƙwabci na jin tarin maƙwabci. In wani ya sayo sabon abu, kamar tukunyar dafa shinkafa ta lantarki da mijin Su ya kawo daga Japan, sai gida duka ya taru a kanta, wani ya ce a sayo masa shi ma. Mai gidan da mutanenta 'yan asalin Shanghai ne da suka yi ƙaura zuwa Hong Kong, wadda a lokacin take hannun Ingila. Suna yarensu na Shanghai a tsakaninsu alhali garin na yin wani yaren, suna dafa abincinsu na gida, suna zaune a unguwa ɗaya. Shi kansa daraktan a Shanghai aka haife shi a 1958, yana ɗan shekara biyar iyayensa suka kawo shi Hong Kong, cikin irin waɗannan mutane ya tashi. Duk wanda ya taɓa zaman haya a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Ibadan ba ya buƙatar a yi masa fassarar wannan. Mun san daɗin zama cikin naka a garin da ba naka ba, mun kuma san cewa a irin wannan zama ba ka da sirri.

Mutum ɗaya ce ba ta ce komai ba daga farko har ƙarshe, wato uwargidana. Ta kwashe kofuna, ta shimfiɗa wa gwaggo, ta kwantar da yara. Na ɗauka gajiyar suna ce. Sai da muka shiga ɗaki na ce mata cikin wasa, "Ke ba ki faɗi naki ba, ko ke ma barci kika yi da ido buɗe?"

Ta ce, "Abban yara, duk na ji ku. Malam yana maganar zunubi, gwaggo tana maganar mutunci, yara suna maganar kishiya. Ba wanda ya yi maganar kular."

Na ce wace kula.

Ta ce, "Wadda take fita da ita kullum da dare. Mace ta yi wanka ta yi ado ta fita sayen taliya, ta dawo ta ci ita kaɗai. Mai gidan tana ta kiranta ta zo su ci tare, tana cewa a'a. Kun ɗauka girman kai ne. Kunya ce. Ba ta son a zauna da ita a tebur a tambaye ta yaushe mijinta zai dawo."

Sai ta ce, "Shekara shida na yi ina cin abinci ni kaɗai a garin nan."

Ban san lokacin da na zauna a bakin gado ba. A 2009 na kawo ta Legas tana amarya, ba ta jin Yarbanci, ba ta jin Turancin kasuwa, ba ta da kowa nata. Ina aikin akawu a wani kamfanin sufuri a Apapa. In fita bayan sallar asuba don in riga cunkoso, in dawo sha ɗaya na dare ko fiye, wata rana ma a can nake kwana in an yi lodi. Ban taɓa cin amanarta ba, kuma ba ta zarge ni da haka ba. Ban bar ta da yunwa ba, ban bar ta da bashin haya ba. Shekarun nan a lissafina su ne shekarun da na fi zama miji nagari, har ina ba ƙannena misali da su. Ita kuwa a daren nan ta gaya mini cewa takan dafa abinci ta zuba nawa a kula, ta ajiye nata ta jira ni, har ya huce, ta ci a tsaye. Ta ce akwai wata maƙwabciya Bayarabiya mai kirki da ke kiranta su zauna a tsakar gida, amma takan ƙi, don kada a ce matar Bahaushe ta fara yawo miji ba ya nan. Ta ce akwai ranakun da tun fitata har dawowata ba ta buɗe baki ta yi magana da babban mutum ba.

Na ce, "Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

Ta ce, "Ka taɓa tambaya? Kuma in ce maka me? Kana wahala a kanmu. An ce mini haƙuri ake yi da aure, na yi."

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta gama ta juya ta kwanta. Ni ne na kwana ido biyu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ni shekara goma sha biyar ina cikin ɗakin ban sani ba.

Bayan kwana huɗu na sa yaron ya turo mini fim ɗin, muka sake kallo mu biyu bayan yara sun yi barci. A wannan karon jinkirin bai dame ni ba. Na gane cewa da an gaggauta tafiyar nan ta kan matakala, da ba zan ji tsawon daren wanda ke jira ba. Wanda yake waje yana fafutuka, ranarsa gudu take yi, kamar tawa a Apapa. Wanda aka bari a ɗaki kuwa agogo yake kallo. Na kuma gane dalilin ɓoye fuskokin mijin da matar, aƙalla yadda ni na fahimta: a rayuwar waɗanda aka bari, su ɗin murya ce kawai a waya da ƙeya a bakin ƙofa. Ban ji daɗin wannan fahimta ba, domin na san wace fuska ce ba a gani a gidana a shekarun nan.

Akwai fagen da ya fi taɓa ta. Su biyun suna gwajin yadda za su yi bankwana in ranar ta zo, don kada abin ya zo musu da zafi. Ana cikin gwajin sai Su ta fashe da kuka na gaske, yana ta lallashinta yana tuna mata cewa gwaji ne kawai. Uwargida ta ce ita ma sau da yawa takan tsara maganar da za ta gaya mini, ta maimaita ta a zuci tun daga azahar, in na shigo ta ga yadda na gaji sai ta ce sannu da zuwa kawai.

Ban canza ra'ayi kan maganar Malam ba, kuma ban ce ya yi kuskure ba. Keɓewar da suka yi ba daidai ba ce a wurinmu, kuma shi fim ɗin ma bai nuna ta haifar musu da sauƙi ba, ciwo ta ƙara musu. Da muka haɗu bayan sallar magariba na ba shi labarin kallo na biyu, ban da abin da ya shafi gidana. Ya yi shiru ya ce shi har yanzu ba zai ce wa ɗalibansa su kalla ba. Amma ya ce abu ɗaya ya tsaya masa a rai: mutumin ya ga wuta na neman kama shi, ya tattara ya bar garin gaba ɗaya. Ya ce ba kowa ke iya wannan ba, har cikin masu yi wa mutane wa'azi.

Direba kuwa yana nan a kan bakansa. Ya ce mutumin da ya kwana uku a layin lodi, in ya samu awa biyu na hutu, dariya yake so ko faɗa, ba a sake sa shi wani jiran ba. Na ga gaskiyarsa. Abincin wani gubar wani, kuma ba na cikin masu ganin duk wanda fim irin wannan bai burge ba to bai waye ba. Na gaya wa ɗan yayana haka, na ce ya rage yi wa mutane kallon ƙauyawa don ya haddace sunayen daraktoci. Gwaggo ba ta san Cannes ba, amma ta gane dattijuwar nan fiye da shi. Tela bai karanta sharhin kowa ba, shi ya koya mana ƙirga kwanaki da riga. Ya ma ce zai gwada wuyan nan a ɗinkin sallah in ya samu mai so.

Yaron ya gaya mini cewa asalin sunan fim ɗin da yaren Sin yana nufin wani abu kamar shekarun furanni, wato lokacin da mutum yake kan ganiyarsa. Da na gaya wa uwargida sai ta yi dariya ta ce nata shekarun furannin a bayan labule suka wuce. Dariya ta yi, amma ni ban iya tayawa ba. Ba zan iya dawo mata da su ba. Abin da na iya shi ne yanzu in dai ina gari, ba a zuba nawa a kula. Ko taro ne ya ja, nakan nemi uzuri in tashi, kuma waɗanda suka lura na fara gaggauta karanta bayanin taro yanzu sun san dalili.

Na nemi izininta kafin in rubuta wannan. Ta ce in rubuta, amma da sharaɗin in faɗa wa matasanmu da ke ɗauko amare daga gida suna kawowa kudu cewa kuɗin cefane ba shi ne duka ba. Yarinya ta bar uwa da ƙanne da ƙawaye, ta zo garin da ko gaisuwa ba ta iya ba. A haɗa ta da matan 'yan uwa, a bar ta ta je suna da biki, a kira ta da rana ko da minti biyu ne, a tambaye ta yadda ta wuni kuma a tsaya a ji amsar. Ta ce matanmu da suka daɗe a nan su ma su riƙa leƙa sababbin zuwa, kada su jira sai an gayyace su, domin mai kunya ba za ta ce a zo ba.

Wanda yake son kallon fim ɗin, ga shawarata. Kada ka kalle shi cikin taro, kada ka kalle shi kana gajiye, kuma ba na yara ba ne duk da ba a nuna tsiraici a ciki ba. In minti talatin ya wuce ka ji ba za ka iya ba, kashe abinka, ba laifi ka yi ba. In kuma matarka ce ta yi shiru har aka gama, to kada ka yi barci ba ka tambaye ta ba.

Allah ya zaunar da gidajenmu lafiya, ya ba mu ikon sauke haƙƙin waɗanda ke ƙarƙashinmu, na fili da na ɓoye. Amin.